Furen Ɗari a Fadamar Safo

Idan aka gama yankan gero aka kai dammuna rumbu, idon mutumin Safo yakan bar jigawa ya koma fadama. Daga tsakiyar Nuwamba iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya sauka, leɓe ya fara tsagewa, dare ya yi sanyi har ma'auni ya sauko wajen digiri 13 ko 14 a watan Janairu, duk da cewa da tsakar rana yana taɓa 30. Wannan ɗan tsakani, wata uku ko ma bai cika ba, shi ne iyakar rabonmu na sanyi a shekara. A cikinsa kakanninmu suka koyi fitar da abin da ba ya son zafi da ruwan sama, wato albasa da alkama da taba, kafin salati da kabeji da karas su zo daga baya.

Gulbin Maraɗi ne ke riƙe da wannan lokaci. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo ta kudancin Madarumfa, ya biyo ta wajenmu, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. A da, in damina ta yi nisa, yakan cika ya batse, ya malale fadama, ya kwana ya tashi, ya ja da baya ya bar baƙar laka mai taushi. Ƙarfinsa ba na wasa ba ne, don ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi birnin Maraɗi daga kwari aka mai da shi kan tudu. Sai dai abin da ya rushe gidajen birni shi ne takin mai garka. Ruwa yana kusa, rijiya gaba biyu ko uku ta isa, a kafa jigo, a ja guga, a kora ruwa cikin fangali. Wani Bafaranshe mai binciken zaman jama'a, Claude Raynaut, ya yi aiki a ƙauyen Sumarana a shekarun 1960, har ya fitar da rubutu a kan aikin garka na kwarin Maraɗi a 1969. Na kawo shi ne don yaran yanzu da ke tsammanin noman rani gwamnati ce ta kawo mana shi. Gwamnati ta tarar da shi a hannunmu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin wannan tsohuwar garka akwai fure guda da ake tsinka don ado kawai, kuma ana sayen sa da kuɗi: furen taba.

Irin taba ƙanana ne ƙwarai, ba ya shukuwa da yatsa. Sai a gauraya shi da toka ko rairayi mai laushi, a watsa a kan ɗan fangalin da aka lallaɓe, a rufe da ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa ta kan ciyawar don kada ƙarfin ruwa ya kwashe shi. In ya tsiro a riƙa janye ciyawar kaɗan-kaɗan, a saba masa da rana. In ya yi ganye huɗu ko biyar, a cire da yamma a dasa a lakar da gulbi ya bari. Bayan kamar wata biyu, daidai tsakiyar ɗari, sai kan kowace taba ya fitar da tsagiya mai furanni dogaye, bakinsu a buɗe, fari-fari da ja-ja. Manomin da ke son ganye ya yi faɗi ya yi kauri dole ya karye wannan kai, in ba haka ba ƙarfin shukar ya tafi ga ƴaƴa. Yakan bar ƴan tushe kaɗan masu kyau don iri, sauran ya tsinke. To abin da zai zubar ɗin nan shi mata suka mai da kayan kwalliya. Ƴan mata su ɗaure shi ƙulli-ƙulli, su yayyafa masa ruwa, su rufe da ɗanyen tsumma a faifai, su shiga gida-gida talla. Mace ta ci goro, ta ɗauki fure ta goga a haƙora, ta goga ta sake gogawa, har haƙora su rine su yi ja mai duhu. Amarya ba ta cika ba in babu lalle a ƙafa, kwalli a ido, fure a baki. Na taso na tarar da tsofaffin gidanmu da wannan launi a haƙora, kuma na ga yadda kakata takan juya ƙulli ta duba ƙasansa kafin ta biya, don ta san wanda ya kwana ba ya rini.

Ba ina kiran a koma ga wannan ba. Taba guba ce ta kowace ƙofa ta shiga jiki, kuma matan da suka bar ta sun yi wa kansu alheri. Abin da nake so a lura da shi shi ne, mutanen da ake cewa ba su san darajar fure ba, sun san lokacinsa, sun san sabo da kwantai, sun ware masa kuɗi a lokacin da kuɗi ke da wuya. Launi na cikin lissafin garka, tare da jan zoɓorodo da ake ɓarewa da kaka, da lallen da ke zagaye da shinge, da farin kan albasar iri da ke cika da zuma a Fabrairu.

Daga nan abubuwa suka juya, kuma da sauri. Farin 1973 da 1974 ya girgiza ƙasa, na 1984 ya ƙarasa abin da ya rage. A shekarar nan ta 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, kuma Shugaba Seyni Kunce ya matsa wa jama'a su rungumi noman rani don cike giɓin rumbu. Kafin nan an riga an shimfiɗa filin ban ruwa na Jiratawa, hekta 500 da ƴan kai, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da lantarki, ƙarƙashin hukumar ban ruwa ta ONAHA. A 1989 Najeriya ta kammala madatsar ruwa ta Jibiya, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142, a kan wannan gulbi namu tun kafin ya tsallako iyaka. An sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan yadda Najeriya da Nijar za su raba ruwan da suka haɗa, amma mai garka a Safo ba a takarda yake karanta labarin ba, a tsawon igiyar gugansa yake karantawa. Malalar da ke kawo laka ta ragu, gulbi ya zurfafa hanyarsa yana cin gaɓa, ruwan rijiya ya yi ƙasa. Jigo ya kwanta. Bututun roba da ake kafawa cikin rairayi da injin ban ruwa mai shan mai suka gaje shi.

Ba zan ce wannan duk hasara ba ce, don na ga bayan mahaifina yadda jigo ya tanƙwara shi. Inji ya buɗe wa mutum ɗaya filin da a da sai mutum biyar. Birnin Maraɗi ya bunƙasa, bakinsa ya saba da salati da tumatir da tattasai, zogale ya fita daga shingen bayan ɗaki ya zama gona guda da ake yanka ana cika buhu ana kaiwa har Yamai. Amma tun daga ranar da ruwa ya zama abin saye da kuɗin mai, kowane fangali sai ya kawo hujjar zamansa. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, sannan aka rufe iyaka aka yanke lantarki bayan juyin mulkin Yuli a Nijar, masu garka da yawa suka mai da injinansu na gas, wasu suka nemi faifan hasken rana. A irin wannan lissafi, wa zai ba fure wuri? A ɓangaren mata kuma, man goge baki da jan-baki na kanti sun shigo, farin haƙori ya zama shi ne kyau. Ana noman taba har yanzu a kwarin, amma faifan fure ya daina yawo a lungu.

Sai ga shi son fure ya dawo ta wata ƙofa. Wanda ya shiga Maraɗi a ƴan shekarun nan zai ga masu rainon itace a bakin titi, waɗanda a da sai dalbejiya da mangwaro da gwaba a leda, yanzu sun jera tukwanen siminti da furanni. Sababbin gidaje suna barin ɗan wuri a gaban baranda. Wayar hannu kuma ta kawo wa ƴaƴanmu hotunan ƙofofin gidajen duniya. Ɗiyar ƙanwata, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta miƙo mini wayarta wani yammaci. Kwando ne a rataye, furanni sun cika shi sun zubo ta kowane gefe, shuɗi da rawaya da fari da ruwan hanta, kowanne da baƙin tabo a tsakiya kamar idon da aka ranbaɗa wa kwalli.

"Kawu, wannan zai yi a nan? An ce furen sanyi ne, mu ma ai muna da sanyi."

Na ce mata, "Ɗiyata, muna da shi, sai dai namu gajere ne. Zauna mu ƙirga."

Furen nan shi ake kira fansi. Asalinsa ɗan tsiron daji ne na gonakin Turai, masu lambun manyan gidajen Ingila suka yi ta haɗa shi da danginsa tun wajen 1812, har a ƙarshen shekarun 1830 wani mai lambu, William Thompson, ya tsinci wanda ya fito da wannan baƙin tabo. Tsohon fansi a dunƙule yake tsayawa, bai wuce taƙi guda ba. Mai yaɗo, wanda ke rarrafe ya zubo daga bakin tukunya, sabon abu ne. Wanda ya fi shahara shi ne Cool Wave, na kamfanin PanAmerican Seed na Amurka, da ya shiga kasuwa a 2012, kuma tushe ɗaya kan bazu santimita 60 zuwa 75 in ya sami yadda yake so. Abin da yake so kuwa shi ne dare mai sanyin digiri 5 zuwa 10, da rana wadda ba ta wuce 20 da kaɗan ba. Yana jure ƙanƙara ta kwanta masa ya tashi. Zafi ne ajalinsa: in rana ta zauna sama da 27 ko 28, sai ya yi tsawo ya rame, furen ya ƙanƙance, daga baya ya daina.

Ga inda lissafin ya tsuke. Daga shuka iri zuwa furen farko mako 10 ne zuwa 12. Irin yana tsirowa da kyau a digiri 18 zuwa 21, in ƙasa ta fi haka ɗumi sosai sai ya ƙi. A wajenmu Oktoba wuta ce, ana kai 37 da rana, don haka ba a fara ba sai Nuwamba ta shiga sosai. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba zai ga fure a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Maris kuwa ba ta yi wa kowa sassauci. Ke nan mako huɗu, in an yi sa'a shida, na fure, bayan wata biyu da rabi na raino, kuma yaɗon ba zai kai rabin na hoto ba, don ba zai sami lokaci ba. A tudun Jos, inda tsayin ƙasa ke riƙe sanyi, labarin daban ne. Mu a kwari muke.

Duk da haka ban ce mata ta haƙura ba, don abin da ake buƙata ilimin gida ne, kusan daidai da na rainon taba. A samu kasko ko tsohuwar tasa mai huji, a cika da rairayi da ruɓaɓɓen takin da ya shekara, a tankaɗe. A jera iri ɗaya-ɗaya, don yana da tsada kuma ba ya da yawa a takarda, a rufe shi da ƙasa ƴar kaɗan saboda ya fi son duhu kafin ya tsiro. A ajiye kaskon cikin ɗaki, a gindin randa inda ƙasa ke da danshi da sanyi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Cikin kwana 10 zuwa 14 zai huda. Ranar da aka ga kai, a cire buhu a fitar da shi haske, in ba haka ba ya yi dogon wuya ya faɗi. In ya yi ganye huɗu a dasa, tushe uku sun isa tukunya mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, a sa su kusa da baki don su samu inda za su zubo.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba nesa ba kusa ba. Baƙar roba tana shan rana ta dafa saiwa, tukunyar ƙasa kuwa tana tsatsafo ruwa, iskar hunturu ta busar da shi ta sanyaya cikinta, dabarar da ta sa ruwan tulu ke sanyi. Tsohuwar randa da ta tsage, wadda uwar gida ke shirin jefarwa, ita ce ta fi dacewa, a ɗora ta a kan turmin da ya mutu ko bulo biyu don kaji kada su tone, awaki kuma a yi musu shinge. Wurin ajiya yana da ƴar matsala. Furen yana son hantsi da inuwar azahar, wato gabas da bango, amma ta nan kusa iskar hunturu ke bugowa, kuma tana tsotse ganye ta lulluɓe shi da ƙura. Maganinta guntun zana da za a kafa ta arewa maso gabas, ya tare iska ya bar hasken safe ya sauko ta sama. Ruwa da sassafe, a gindi, sai an tsoma yatsa an ji saman ƙasa ya bushe kafin a ƙara. Duk furen da ya yanƙwane a tsinke shi da tsinkensa, don in aka bari ya yi ƴaƴa sai shukar ta ɗauka aikinta ya ƙare. Darɓa takan kama ƙarƙashin ganye, ruwan dakakken ƙwallon dalbejiya da masu garka suka riga suka sani ya ishe ta.

Mahaifiyarta na zaune tana ji, ta ce, "Yaya, ruwan da ake saye, a zuba wa abin da ba a sa wa a miya?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce tambayar zamanin inji. Amsata ita ce tukunya ɗaya ba ta shan abin da ya wuce buta guda a yini, kuma a kowane gida akwai ruwan alwala da ke bin ƙasa sau biyar. In aka tara shi a ƙwarya ya ishi tukwane biyu. Ruwan wanke-wanke ne kaɗai za a kiyaye, saboda sabulu da gishiri.

Inda raina bai kwanta ba shi ne iri. Fansi mai yaɗo haɗin kamfani ne, irin wanda ake rubuta wa F1 a takarda. In ka tara ƴaƴansa ka shuka baɗi, ba za su fito yadda uwarsu take ba, kuma a zafinmu da wuya ma ya kai ga nuna. Kowace shekara sai an sake saye, daga nesa, da kuɗin waje, kuma takardar da ta yi wata shida a kanti cikin zafin bazara rabinta ta mutu tun kafin a buɗe. Wannan ciwo mun san shi a tumatir da kabeji, inda mai garka ke sayen gwangwanin iri kowace kaka. Manomin taba na da yakan bar tushe biyar ya ɗaure kansu, ya samu irin da zai ishe shi har ya ba maƙwabci. Manomin albasar Galmi har yau yana dasa uwar albasa ya fitar da irinsa. Ba na son abin adonmu ma ya shiga layin abin da ba mu iya haifarwa da kanmu.

Shi ya sa na ce mata ta yi tukunya ɗaya ta fansi don marmari, sauran ta ba waɗanda suka fi haƙuri da mu. Fetuniya tana yaɗo, tana zubowa daga tukunya, tana ɗaukar zafin rana fiye da fansi nesa, a ƙasashe masu zafi da bushewa ita ake shimfiɗawa da hunturu, kuma ƴar dangin taba ce ta kusa, furenta ma buɗaɗɗen baki gare shi irin na tabar. Ziniya da marigol suna fure cikin wata biyu, kuma in ba haɗin kamfani ba ne ana busar da kansu a ajiye iri a gwangwani. Sannan ga kariya, tamu ta gida, mai kumburarren gindi, wadda ke zubar da ganye da rani ta fito da fure ja da fari ba tare da an ba ta ruwan kirki ba. Mun san ta a shingen garka, mun san ƙaronta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun ɗauke ta sun fitar da launuka iri-iri, ana sayar da ita a tukwane a Turai da Amurka da tsada, mu kuwa reshe ɗaya za mu yanka, mu bar shi ya sha iska kwana biyu, mu soka a rairayi.

Akwai aikin da ya rage, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Tashar binciken noma ta INRAN tana Tarna, tsakaninmu da birni, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da sashen aikin gona. Ɗalibi ɗaya da fangali goma zai iya gwada mana wane fure ne ke tsira in an shuka a farkon Nuwamba, wanne ne ke kaiwa Afrilu, wanne ne ke ba da irin da za a iya ajiyewa. Masu rainon kuwa suna nan. Mutumin Sumarana ko Safo da ke fitar da dashen salati da tattasai dubbai kowace kaka, hannunsa ya riga ya san ƙaramin iri da rumfar ciyawa da dashen yamma. Kullum da asuba kayan garkarmu na hawa babur da amalanke zuwa kasuwar Maraɗi. In aka ƙara faranti ɗaya na dashen fure a cikin kayan, a watan Disamba, masu sababbin barandar nan suna bakin hanya, kuma a yanzu yawancinsu ba su da wanda zai gaya musu wane fure ne zai mutu a Maris, wanne ne zai kai damina.